Daga Damagaram zuwa taron Python: nawa zan tanada?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar André Salifou da ke nan Damagaram. Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, da kaina na koya, a waya na fara kafin yayana ya bar mini tsohuwar kwamfutarsa, har na rubuta ɗan shirin da ke riƙe wa mahaifiyata lissafin bashin masu karɓar atamfa. Ina son in halarci PyCon Africa, taron masu Python na Afirka. Na ji masu shirya taron suna ba da tallafin tafiya, ni kuma abin da na tara a adashi jaka 120 ne na saifa. Ya isa? Ta ina zan fara? Baba bai san da maganar ba tukuna.
Ɗaliba, unguwar Garin Malam

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Jaka 120 ita kaɗai ba za ta kai ki ta dawo da ke ba. Amma kada ki taɓa ta, don in babu ita ko an ba ki tallafin ba lallai ki iya tashi ba.

Ga dalili. A yawancin tarukan Python ba a aiko wa mutum kuɗi gida ya yi guzuri. Ke za ki fara kashewa, ki adana rasit, sannan a mayar miki, wani lokaci a wurin taron, wani lokaci sai kin dawo da makonni. Akwai masu sayen tikitin jirgi da kansu ko su biya masauki kai tsaye, amma sau da yawa wani kaso kawai suke ɗauka. Masu shirya taron 'yan sa-kai ne irinki, masu bin kamfanoni da gidauniyar Python Software Foundation suna neman gudummawa, masu nema kuma daga Dakar har Darussalam. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Taron ba shi da gida ɗaya. A Akara aka fara shi a 2019, a 2020 annobar korona ta mayar da shi intanet, ya koma Akara a 2024, a 2025 kuma aka yi shi a Johannesburg ta Afirka ta Kudu. Zan yi miki lissafi da Akara tunda ita ta fi kusa da mu. In aka kai shi wani gari, kuɗin jirgi da maganar biza ne za su sauya, sauran suna nan.

Abin da ya fi karya yaranmu na nan shi ne gurbin nan na takardar neman tallafi inda ake tambayar kuɗin tafiya. Sai yaro ya duba farashin jirgi daga Yamai zuwa Akara ya rubuta, shi ke nan. Wanda ke karanta takardar a Akara ko Nairobi ya ga Nijar ya ga Yamai, a zatonsa tasi za ki hau zuwa filin jirgi. Bai san tsakaninmu da Yamai akwai kusan kilomita 900 ba. Bai san za ki isa tasha tun kafin kiran assalatu ba, ki zauna kan jakarki kina jiran yaran mota su gama lodi, ki wuce Tasawa, Maraɗi, Madawa, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso, ki shiga Yamai da dare ƙafafu a kumbure. Mai hankali ba ya yanken jirgin da zai tashi a daren da motarsa za ta iso, don taya ɗaya ta fashe bayan Galmi tikitin ya tafi. Saboda haka akwai kwana a Yamai a tafiya, akwai kwana a dawowa, akwai kuɗin mota sau biyu, tasi zuwa filin jirgin Diori Hamani, da abincin kwanakin hanya. Ki rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ki ƙara layi guda da Turanci mai sauƙi cewa garinku na da nisan yini guda a mota daga filin jirgin ƙasa da ƙasa. Abin da ba ki rubuta ba, ba za a ba ki ba, kuma da wuya a ƙara bayan an yanke.

Tikitin motar Rimbo ko STM da za a miƙo miki, ki ɗauki hotonsa nan take a tashar. 'Yar takarda ce da ke shiga ƙasan jaka ta haɗu da man ƙilishi, ranar da za a nemi rasit ki tarar ko kwanan wata ba ya karantuwa.

Daga Yamai zuwa Akara yawanci sai an ya da zango, a Lome in ASKY ne, a Abijan in Air Côte d'Ivoire ne. Jirgi tsakanin ƙasashenmu na Afirka ta Yamma tsada gare shi fiye da nisan, saboda harajin filayen jirgi da ƙarancin masu gasa. Shi ya sa nake cewa ɗan Damagaram ya riƙa waiwayar kudu. Kano kilomita 240 ce ko kusa da haka, ta Matamai, Ɗan Barto, Kongolam da Daura. In iyaka ba ta riƙe ku ba, ki karya kumallo a gida ki yi azahar a Kano. Daga Kano akwai jirgin Legas kullum, daga Legas zuwa Akara kuwa kamar awa guda ne a sama. Ki fitar da farashin hanyoyin biyu a rana ɗaya ki kwatanta, kina haɗa kuɗin mota da na kwana a kowanne. Ni dai in bambancin ba shi da yawa, ta Kano nake bi, ko don ƙashin bayana.

Akwai kuma mota zalla: Kano zuwa Legas, sannan a bi gaɓar teku ta Seme, Kwatano, Lome, Aflawo har Akara. Ita ta fi araha a takarda. Amma iyaka uku za ki ƙetara bayan tamu, kowace da irin nata jira da nata tambayoyi, kuma ban yarda ki bi ta ke kaɗai a fitarki ta farko ba. In kun kai ku huɗu ko biyar, da wanda ya san hanyar, to. Ta Burkina kuwa kada ma ki sa ta a lissafi saboda halin tsaro, haka nan gadar Gaya ta iyakar Benin da aka rufe a 2023.

Takardu su za ki fara, tun yau, kafin ma a buɗe neman tallafi. Nijar da Mali da Burkina sun fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a watan Janairun 2025. Ƙungiyar ta sanar a lokacin cewa za a ci gaba da barin 'yan ƙasashen uku su shiga ba biza har sai an sake shawara, amma sanarwa daban, jami'in da ke zaune kan iyaka da rana a ka daban. Kada ki dogara da katin ɗan ƙasa. Ki yi fasfo, ki tabbatar yana da sauran aƙalla wata shida ranar da za ki tashi, ki kuma sake tambayar ofishin jakadancin ƙasar kafin ki biya kuɗin jirgi. A nan jakar 120 ɗinki za ta fara aiki, don ba kasafai taro ke biyan kuɗin fasfo ba. Sai katin rigakafin cutar shawara, mai ruwan ɗorawa ɗin nan. Gana tana neman sa a filin jirgi, kuma ba ya aiki sai allurar ta cika kwana 10. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta wadatar har ƙarshen rai, saboda haka in an taɓa yi miki, katin kawai za ki nemo. Ki roƙi masu taron wasiƙar gayyata mai sunanki kamar yadda yake a fasfo, ki buga ta a takarda. Waya kan mutu daidai lokacin da aka ce nuna.

Maganar canji. Saifa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane ɗaya, don haka abin da aka faɗa miki da yuro ba zai motsa ba: yuro 100 jaka 65 ne da 'yan kai. Dala da naira da sidin Gana kuwa hawa da sauka suke, farashin da kika gani a watan da kika cika takarda ba shi za ki tarar ba. Ki ɗora kashi 10 ko 15 cikin ɗari a kan jimillarki. In ta Kano kika bi, ki canza a Wapa nairar da za ta ishe ki hanya kawai. Kada ki mayar da duka kuɗinki naira sannan ki sake mayar da su sidi, kowane canji sai an gutsire. Tikitin shiga taro da katin banki ake biya, irin na Visa, kuma bankuna na sayar da wanda ake zuba wa kuɗi tukuna a kashe. Ki nemi farashin ɗalibai. Ki kuma tambaye su tun wuri ta wace hanya za su mayar miki da kuɗinki, don ba duk hanyar da ke aiki a Gana ko Kenya ke isowa Nijar ba.

Masauki a Akara ba zai ba ki tsoro ba in kuna da dangi. A Nima da Mamobi da Sabon Zango Hausa ake yi, da safe ga koko da ƙosai kamar kina Birni. Sai dai cunkoson motocin garin na iya cinye miki laccar farko kullum, don haka ki auna nisan gidan da wurin taron. In ya yi nisa, ki nemi 'yan PyLadies, ƙungiyar mata masu Python, ku haɗu biyu ko uku ku kama ɗaki kusa. Ki sayi mahaɗin soket kafin ki tafi: cajarmu mai ƙafa biyu zagayayyu ba ta shiga bangon Gana da Najeriya, nasu mai ƙafa uku ne irin na Ingila.

Yanzu abin da zai ɗaga takardarki sama da ta sauran. Watanni kafin taro ake buɗe kiran masu son gabatar da jawabi, kuma mai jawabi yakan sha gaban mai zuwa sauraro wurin rabon tallafi. Shirin bashin atamfar nan jawabi ne. Yadda kika koya a waya, yadda kika sa shi aiki ba intanet, yadda kika yi da lissafin dala da jaka da mahaifiyarki ke yi da ka, duk wannan babu wanda zai zo da shi daga Legas ko Kampala. In rabin awa da Turanci ya yi miki nauyi, tunda mu da Faransanci muka yi karatu, akwai gajerun jawabai na minti biyar. Ki rubuta, ki haddace, ki gwada a gaban 'yan ajinku. Kada kuma ki yanki jirgin dawowa a daren rufe taro kafin ki duba jadawali. Sau da yawa akan ware rana ta zama a yi aiki tare a kan manhajojin da kowa ke iya sa hannu, kuma a nan ne ake sanin mutum har a tuna da shi in aiki ya taso.

In wani ya ce miki ki nemi na Turai kawai, ki bar shi tukuna. Kuɗin neman bizar Schengen yuro 90 ne, jaka 59, ba a mayarwa ko an hana ki, ga shi ofishin jakadancin Faransa a Yamai an rufe shi tun farkon 2024.

Sai Baba. Kada ki bari sai tikiti ya zo sannan ya ji, wannan shi ke sa iyaye su ce a'a ko da a ransu sun so. Ki fara da mahaifiyarki, ita ta ga amfanin abin a hannunta. Sannan ki samu yayan nan naki, ko malamin da Baba ke ganin girmansa, ku je tare bayan isha'i. Ku tafi da takarda ɗaya: ranar tashi da ta dawowa, hanyar da za ki bi, wanda zai raka ki har filin jirgi, gidan da za ki sauka da lambar mai gidan, da sunayen matan da za ku zauna tare. In yana da ɗan'uwa ko abokin kasuwanci a Nima, a bar shi ya kira shi da kansa. In ya ce sai da ɗan rakiya, kada ki ja, ki koma ki ƙara kuɗin mutum na biyu a lissafinki na gida, don taro ba zai biya nasa ba.