Kafin ka ci bashin mota, haɗa kuɗin haya da na hanya ka gani

Malam, na karanta tambayarka har sau biyu, don kamar labarina kake bayarwa. Ka ce albashi ba ya kai ka ƙarshen wata, kana kashe kusan awa uku kullum tsakanin gida da wurin aiki, shi ne kake tunanin cin bashi ka sayi mota ta hannu ko ka samu sauƙi. Ka kuma ce mai ɗakinka na ganin yawan sauya waya ne ke cinye maka kuɗi. Na ga 'yan'uwa sun rabu biyu, wasu na cewa ka saya, mota rufin asiri ce, wasu na cewa neman suna ne kawai. Ni dai na saya, shekara shida ke nan, bari in gaya maka abin da na gani.

Tun kafin motar matsalata ta fara. Haya ta yi mana tsada a tsakiyar gari, sai muka koma can bayan gari inda gida ya fi girma kuma ya fi araha. Na yi ta murna ina ganin na yi dabara. Ashe makarantar yara, asibiti, kasuwa, ofis, duk mun baro su a baya, ga motocin haya sai an daɗe a tsaye kafin ɗaya ta zo. Kafin shekara ta zagayo mota ta zama dole, na ci bashi na saya.

Watannin farko akwai daɗi, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba rana, ba ruwan sama, ba turereniya a tasha. Amma matata mai rubuce-rubuce ce, ta ɗauki littafi tana rubuta duk abin da motar ta ci. Da muka zauna lissafi a ƙarshen shekara, na tarar mai, wanda shi kaɗai nake tunawa idan ana maganar kuɗin mota, bai kai rabin abin da ya fita ba. Sauran ya tafi wajen biyan bashi, juye, tayoyi, batir, inshora, sabunta takardu, da bakanike wanda duk ranar da ka je canza abu ɗaya sai ya gano maka biyu. Wannan ban da faɗuwar daraja, wadda ba ka jin zafinta sai ranar da ka kai motar kasuwa aka taya. Da na mayar da jimillar zuwa kwanakin aiki, sai na ga kusan kwana bakwai a kowane wata motar nake yi wa aiki. Ita kuwa yawancin yini a ajiye take, da rana a bakin ofis, da dare a ƙofar gida. An sayar da kare an sayi biri ke nan: abin da na rage a haya na biya a hanya, har da ƙari.

Lokacin ma da na saye ta dominsa bai dawo yadda na zata ba, domin cunkoson da nake ciki a motar haya shi nake ciki a tawa, sai dai yanzu ni ke riƙe da sitiyari, ba damar gyangyaɗi. Da can ina cewa laifin ƙanƙantar titi ne. Daga baya na san labarin babban titin Katy da ke birnin Houston a Amurka, wanda aka gama faɗaɗawa a 2008 har wani sashensa ya kai layi 26 idan an haɗa da titunan gefe. Cikin 'yan shekaru cunkoson ya dawo, don sabon titi sababbin motoci yake kirawowa, kuma yana sa mutane su ƙara nisa da gari.

A nan nake so ka tsaya, domin masu ce maka son ƙarya ne ba su yi maka adalci ba. Yadda aka tsara gari shi ke yanke wa mutum ko zai iya zama babu mota. A 1956 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar gina manyan titunan da suka ratsa Amurka, mil 41,000. Da yawansu ta unguwannin talakawa da baƙaƙen fata aka bi da su aka rushe gidaje, masu hali kuma suka koma wajen gari. Yau a yawancin biranen ƙasar wanda ba shi da mota ko aiki da ƙyar yake iya riƙewa. Holan ma wannan hanyar ta kama, har a 1971 haɗarin mota ya kashe mutum sama da 3,000, cikinsu yara fiye da 400. Iyaye suka fito zanga-zanga, ga kuma ƙarancin mai na 1973 da ya sa aka hana tuƙi ranakun Lahadi na ɗan lokaci, daga nan suka dage da gina hanyoyin keke. Birnin Curitiba na Brazil ya ware wa bas layinsa tun 1974, birnin Bogota na Kolombiya ya bi sahu a 2000. Ba don mutanen can sun fi kowa hankali ba ne suke tafiya babu mota, an ba su abin da za su hau ne.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda nauyin ke sauka a kan marar ƙarfi. Mai kuɗi yana iya zama kusa da aikinsa, ya sayi sabuwar mota lakadan, ta yi shekaru ba ta ga gareji ba. Ƙaramin ma'aikaci shi ake turawa nesa, shi ke sayen tsohuwa, a kan bashi mai tsada, ta fi shan mai, ta fi lalacewa, ranar da ta mutu a hanya kuma shi za a yanka wa albashi don ya makara.

Batun waya kuwa, ka gaya wa hajiya ta yi gaskiya rabi. Waya ta bi sahun mota: jiya kayan alatu, yau banki da neman aiki da saƙon makarantar yara duk a cikinta suke. Kuma kamfanoni ba sa son ta daɗe a hannunka. A ƙarshen 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin iPhone masu raunin batir, a 2020 Faransa ta ci shi tarar Yuro miliyan 25 saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Duk da haka sauya waya duk shekara zaɓi ne. Tawa na canza mata batir sau ɗaya, tana shekara ta huɗu, ba abin da ta gaza yi mini sai hoton dare. Amma ko ka daina gaba ɗaya, abin da za ka tara ba zai kama ƙafar abin da mota za ta ci ba.

Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar bashi, ɗauki wata guda kana rubuta kuɗin hanyar gidanka kaf, naka da na iyali. Haɗa shi da haya su zama lamba ɗaya. Sannan ka tambayi kuɗin ƙaramin gida kusa da aikinka, ko kusa da layin da motar haya ba ta yankewa, ka gwada. Ka kuma samu mai irin motar da kake so, wanda ya shekara biyu da ita, ka tambaye shi abin da ya kashe a gareji. Kada ka tambayi dillali. Idan aikinka na yawo ne, ko kuna da marar lafiya a gida, ko motar za ta riƙa kawo kuɗi, to lissafin ya canza, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A wannan halin ka nemi ƙarama, mai ƙarancin shan mai, wadda kayan gyaranta ke ko'ina, kuma ka ajiye kuɗin gyaran farko tun kafin ka karɓi makulli, don sai ta nema.

Mu dai bara muka dawo cikin gari, ɗaki biyu maimakon uku. Ina zuwa aiki a ƙafa cikin minti ashirin da biyar, yara ma makarantarsu ba nisa. Motar tana nan, ban sayar ba, amma sai ƙarshen mako take fita, in na cika tanki sau ɗaya man yana kai mu wata. Har yanzu matata na mitar ƙanƙantar falo duk ranar da muka yi baƙi. In ka faɗa mini nisan gidanka da ofis da kuma yawan masu fita kullum a gidan, zan taya ka lissafin.