Tambayoyinku: Sai da laftof mai tsada yaro zai koyi kwamfuta?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni ce uwar wani yaro daga Jidda, yana ajin farko na sanawiyya, wato sakandare, sun fara wani abu wai Python, ya dame ni sai na saya masa laftof babba, ni kuma tsorona kar ya koma buga gem kawai. Mene ne shawara?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya shi. Gaskiya ba ya bukatar mai tsada, Python yare ne na ba kwamfuta umarni, tun 1991 ya fito kuma kyauta ake sauke shi, tsohuwar laftof ta hannu ma za ta dauka lafiya lau, kai ko a wayar Android akwai manhajar Pydroid da zai fara da ita kafin kudi su samu. In abin ya yi masa nauyi ya fara da Scratch na jami'ar MIT ta Amurka, can jawo tubalan umarni ake yi ana jerawa maimakon rubutu kuma akwai shi da Larabci.

Batun gem kuwa, ki zaunar da shi ki ce ya rubuta miki a waya dan shirin Python, wato jerin umarni, da zai hada kudin cefane, shinkafa riyal kaza, mai riyal kaza, kwamfuta ta fitar da jimla. Layi biyar zuwa shida ne. Zai yi kuskure, jan rubutu mai nuna kuskuren ya fito, kar ki bari ya rufe, ya karanta ya gyara da kansa don a nan koyon yake. In ya yi sati biyu yana wannan ba a matsa masa ba, to ki saya masa ta hannun.