Yawon Hamadar Dubai: In Bi Ɗan Jagora Ko In Ɗauki Hayar Jif?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan je Dubai sarin kaya a watan Disamba tare da uwargida da yaranmu biyu, kuma muna sha'awar shiga hamada. Na daɗe ina tuƙi. In ɗauki hayar jif in ja da kaina, ko mu bi kamfanin da ke kai mutane? Mai karatu daga Fagge, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ku bi kamfani, ba na ko tantama.

Tuƙin rairayi sana'a ce mai zaman kanta, duk wanda ya taɓa ganin direbobin Agadas ya san haka. Kafin a hau tudun yashi sai an rage iskar taya zuwa wajen psi 15 a ma'aunin iskar taya don ta baje, a kuma tanadi shebur, igiyar ja da famfon mayar da iska. Idan ka taka birki da ƙarfi, tayoyin gaba su nutse. Idan ka karkace a gefen tudu, mota na iya kifewa. Shi ya sa masu abin ke tafiya a ayari: in ɗaya ta kafe, wata ta jawo ta. Kai wa zai jawo ka, ga iyali a mota?

Sai inshora. Yawancin kamfanonin haya sun rubuta a yarjejeniyarsu cewa da zarar ka sauka daga kwalta babu ruwansu, ko da Land Cruiser ce suka ba ka. Abin da ya lalace daga aljihunka zai fita. Ga kuma lasisin ƙasa da ƙasa da za su nema.

Amma bin kamfanin ma sai da lura. Fitar yamma zuwa jajayen tuddan Lahbab takan ƙare ne a sansani, inda ake cin abinci ana kallon raye-raye, wasu wuraren har giya ake sayarwa. In hakan bai kwanta maka ba, ka zaɓi fitar safe, ko ka ɗauki mota guda ku kaɗai. Ka gaya wa direba tun farko ya sassauta saboda yara. Idan Hajiya na da juna biyu ko ciwon baya, kada ta shiga wasan hawa da gangara da direbobin ke yi da mota a kan tuddan yashi sam.

In kuwa lallai sai ka riƙe sitiyari, ka nufi tafkunan Al Qudra. Kwalta ta kai kusa da su, ƙaramar mota ma za ta kai ku.