Tambaya da Amsa: VFD mai SVC ko na V/f, wanne zan saya?

Tambaya: Malam ina da gidan bulo a Kano, injin kwaɓa siminti na da moto mai fes uku 7.5kW, ga kuma famfon bohol. Mai shago ya nuna min VFD (na'urar da ke daidaita gudun moto) kala biyu, mai SVC da na V/f, wai mai SVC ya fi tsada amma ya fi kyau. Anya ba kuɗina kawai yake so ba?

Amsa: Alhaji wannan karon mai shagon bai yi maka ƙarya ba, amma fa rabin zancen ya faɗa maka. Na V/f shi dai yana ɗaga wuta da gudu tare ne, bai san nauyin da ke kan moton ba, shi ya sa in ka rage gudu ƙasa sosai kamar 5Hz sai ka ji moto na gurnani ya kasa juya kwaɓin. Mai SVC kuwa yana auna karan ɗin, wato yawan wutar da moton ke ja, ya lissafa gudunsa da kansa ba tare da an ɗaura wa moton inkoda (na'urar auna juyinsa) ba, sai ya ba shi ƙarfin juyi tun daga tashi. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun farkon shekarun 1970 Felix Blaschke na Siemens ya yi aiki a kan tushenta.

To injin kwaɓa da ke tashi da yashi da siminti a cikinsa, wallahi kar ka yi masa rowa, sayi mai SVC, kuma ka dubi amfiyan da ke farantin jikin moto ba kW kaɗai ba, ka nemi VFD ɗin da zai jure kashi 150 cikin ɗari na amfiyansa har minti ɗaya. Famfo kuwa V/f ya ishe shi, ba ya tashi da nauyi.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya biya kuɗin SVC amma mai haɗa wuta bai shigar da bayanan farantin ba, bai yi oto-tun (gwajin da na'urar ke yi ta gane moton da kanta) ba, sai na'urar ta riƙa tirif, wato katsewa, ana cewa jabu ce. Ka tsaya a kansa ya yi a gabanka. Kuma SVC moto ɗaya yake ɗauka, kar a jona masa biyu. In za ka daɗe a ƙaramin gudu sa wa moton fanka ta daban, don tasa ta baya ba ta isar da iska a lokacin, koyil ɗin zai iya ƙonewa.