Hukuncin aikin hannun yara a nazare lokacin Halloween da Thanksgiving

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Muna zaune a Bronx, cikin birnin New York. Ɗana shekararsa huɗu, yana nazare. Tun da Oktoba ya kama, kullum sai ya dawo da aikin hannu: yau kabewar takarda da ya yanka da almakashi, gobe ganyen bishiya da ya manna, jiya har da fatalwa ta auduga. Malamarsu ta ce haka za su yi ta yi har ranar Halloween, bikin shigar dodanni na ƙarshen Oktoba, a Nuwamba kuma su koma talotalo saboda Thanksgiving, ranar godiya ta Amurkawa da ake cin talotalo. Ta ce hannunsa bai yi ƙwari ba wajen riƙon fensir, yana buƙatar ayyukan. Babansa ya ce a cire shi sai watannin sun wuce. Me shari'a ta ce?

AMSA: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

'Yar'uwa, kada a cire yaron. Horar da hannu halas ne, abin so ma. Abin da za ku kauce wa shi ne bikin Halloween kansa da alamominsa, kuma raba su ba shi da wuya.

Malamar gaskiya ta faɗa. Yaro yakan fara tsintar ƙaramin abu da babban yatsa da manuniya wajen ƙarshen shekararsa ta farko. Tsakanin shekara uku zuwa biyar ne yake koyon bin layi da almakashi da riƙe fensir da yatsu uku maimakon ya dunƙule shi a tafi. Duk buɗewa da rufewar almakashi, duk yagar takarda da murza laka, ƙarfi ne yake shiga ƙananan tsokokin tafin hannu. Da wannan hannun zai ɓalla maɓallin rigarsa, da shi zai rubuta Bismillah. Asali a irin waɗannan al'amuran rayuwa halacci ne har sai dalili ya hana, ni kuwa ban ga dalilin da ya hana ba.

Kabewa kuma ba ta yi laifin komai ba. Lokacin kaka ne a can, gonaki sun cika da ita, ganye yana ja yana zuba. Buhari ya ruwaito daga Anas cewa wani maɗinki ya gayyaci Annabi (SAW) cin abinci, Anas ya gan shi yana bin gefen akushi yana tsintar kabewa, tun ranar shi ma bai daina sonta ba. Suratus Saffat aya ta 146 ta ambaci yaƙɗin da Allah ya tsirar a kan Annabi Yunus, mafi yawan masu tafsiri sun ce dangin kabewa ne. To, ya kwaso 'ya'yanta da cokali, ya ƙirga su, ya shafa wa takarda launin lemo, ya ɗora takarda a kan busasshen ganye ya goga alli mai launi har jijiyoyin ganyen su fito. Babu komai.

Halloween kuwa tana da tushe a addinin wasu. Ana yinta ranar 31 ga Oktoba, daren jajibirin ranar tsarkaka ta Kiristoci, 1 ga Nuwamba. Masana tarihi da yawa suna danganta al'adunta da Samhain, bikin mutanen Ayalan da Sikotilan na dā, waɗanda suka yi imani cewa a daren ruhohi suna kusantar masu rai. 'Yan ci-ranin Ayalan ne suka yaɗa ta a Amurka a ƙarni na 19. Gaskiya ne mafi yawan masu yinta yau alewa da kayan wasa ne a ransu, amma fatalwa da mayya da ƙwarangwal da fuskar da ake sassaƙa wa kabewa a kunna fitila a ciki suna nan yadda aka gada. Abu Dawud da Nasa'i sun ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tarar da mutanen Madina suna da kwana biyu na wasa tun jahiliyya, ya ce Allah ya musanya musu da mafi alheri, ranar Layya da ranar ƙaramar Sallah. Ga kuma hadisin Ibn Umar cewa wanda ya kamanta kansa da wasu mutane yana cikinsu. Saboda haka shigar dodanni, da faretin ranar, da bin gidaje neman alewa, ku bar su. Maita da sihiri manyan abubuwa ne a addininmu, bai dace su zama abin dariya a idon yaro ba.

Kada fatalwar jiya ta tayar miki da hankali. An ɗauke alƙalami daga yaro har ya balaga. Sai dai nauyin yana kanku iyaye: Hasan yana ƙarami ya sa dabinon sadaka a baki, kakansa (SAW) ya sa shi ya tofar, ya gaya masa dalili. Haka za ki yi, cikin taushi. Kada ki yaga aikin a gabansa. Ki yaba yadda ya manna audugar ba ta karkace ba, ki ce gobe za ku yi tunkiya da ita.

Thanksgiving ta fi sauƙi, malamai ma sun saɓa a kanta. Alhamis ta huɗu ce a Nuwamba. Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ta ranar ƙasa a 1863, majalisa ta tsayar da ranar a 1941. Wasu suna ganinta idi ne mai maimaituwa wanda hadisin Madina ya shafa. Wasu suna ganinta hutun ƙasa ne na haɗuwar dangi, babu wata ibada da aka wajabta a ciki. A kan aikin yara dai, abin da na rinjayar shi ne halacci. Ya ɗora tafinsa a takarda ya zagaye yatsunsa da fensir, babban yatsa ya zama kan talotalo, sauran su zama gashin jela: horo ne mai kyau, domin hannu ɗaya yana danne takarda, ɗayan yana zane. In aka ce kowane yaro ya faɗi abin da yake godiya a kansa, ki koya masa ya fara da Alhamdulillah.

Saura batun zana mai rai, wanda na san shi ma yana ran maigidan. An yi rangwame a kayan wasan yara. Nana A'isha tana da 'yan tsana, har da doki mai fukafukai, Annabi (SAW) ya gani ya yi dariya. Rubayyi'u bint Mu'awwiz ta ce suna yi wa yaransu abin wasa na ulu ranar azumin Ashura don su manta da yunwa. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, zanen da ba shi da inuwa, wato irin na kan takarda, ba mutum-mutumi ba, bai kai haramun ba. Wanda ya so taka tsantsan ya karkata yaron ga bishiya da ganye, kamar yadda Ibn Abbas ya shawarci mai zane.

Ki sami malamar tun yanzu, ki ce ba kwa yin Halloween, a ba shi kabewa marar fuska ko ganye a madadin fatalwa. Ba ku ne farau ba, Shaidun Jehobah da wasu Kiristoci da Yahudawa sun daɗe da kai irin wannan roƙo. Ranar bikin kaɗai ya zauna a gida. Alewar da zai shigo da ita a duba bayan ledar, wasu akwai sinadarin jelatin na alade. A gida kuma ki sa shi tsintar wake, da mulmula ƙullin fulawa, da zura 'ya'yan carbi a zare, idonki a kansa, musamman in yana da ƙani mai kai komai baki.

Babansa kishin addini ne ya sa shi faɗin abin da ya faɗa, Allah ya saka masa. Ki nuna masa wannan amsa cikin ladabi, in da hali ku je wurin malamar tare.

Allah ne Mafi sani.