Tukunyar mai walda ba kayan nutso ba ce

Tambaya: Ɗana masunci ne a madatsar ruwa ta Tiga. Ya ga bidiyon Turawa suna nutso har cikin wani jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku, kifaye na shige da fice a cikinsa. Yanzu wani mai walda ya ce zai cika masa tukunya da oksijin, ya riƙa ciro komar da ta maƙale a ƙasa. Hankalina ya ƙi kwanciya. Wani uba, daga Rano.

Amsa: Baba, ka hana shi yau ɗin nan, kada ka bari sai gobe.

Na gaji da jin wannan magana, wai masu nutso oksijin suke shaƙa. Oksijin zalla guba ce da zarar mutum ya wuce zurfin mita 6. Nauyin ruwa ke ƙara mata ƙarfi a jiki, sai ta bugi ƙwaƙwalwa, mutum ya kama farfaɗiya, sau da yawa ba tare da wata alama ba. Jiki ya sandare, robar numfashi ta suɓuce daga baki, ruwa ya cika huhu. Gobe a tsamo gawa, a ce 'yan ruwa ne suka riƙe shi, mai walda kuwa yana rumfarsa yana cika wa wani. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Waɗanda ɗanka ya gani, ƙwararru irinsu rage oksijin suke yi, su gauraya ta da wasu nau'o'in iska, hiliyam da naitirojin. Ɗauki jirgin ƙarƙashin teku na Jamus mai suna U-869 na Yaƙin Duniya na Biyu, wanda aka gano a 1991 a tekun Amurka, zurfin mita 70 da 'yan kai. A can matsin ruwa ya ninka matsin iskar doron ƙasa sau takwas. Ƙarfen jirgin ya zama gidan kifaye da halittun da ke manne da shi kamar furanni, kuma kallon mintuna ashirin kan jawo fiye da awa guda ana hawowa daki-daki, ana tsayawa don iskar da ta shiga jini ta fita. Duk da horonsu, masu nutso uku suka rasu a kan jirgin nan, ciki har da uba da ɗansa a 1992.

Ga Tiga kuma, ruwa ne mai duhu, ƙasa cike da kututturan itace da tsofaffin komaye masu naɗe ƙafa. Komar da ta maƙale, a ja ta da igiya da ƙugiya daga cikin kwalekwale. In ta ƙi, a yanke a bar ta.