Tambaya da Amsa: Shin Sassaƙe na Kashe Dafin Maciji?

Tambaya: Likita, maciji ya sari yayana a gona, aka ba shi jiƙon sassaƙe, aka shafa masa dakakkiyar saiwa, ya warke sarai. Me ya sa kuke hana mutane maganin gargajiya alhali mun ga amfaninsa da idonmu?

Amsa: Malam, barka da arziki, Allah Ya ƙara wa yayanka lafiya. Ban musa abin da ka gani ba, sai dai akwai bayanin da ya kamata a sani. Ba kowane maciji ke da dafi ba, kuma ko mai dafin, sau da yawa yakan yi sara ba tare da ya zuba dafin ba. Wanda aka yi wa irin wannan saran zai tashi ko an ba shi magani ko ba a ba shi ba, amma jiƙon da ya sha shi ne zai samu yabo.

Masu magani a karkarar Afirka da Asiya da Kudancin Amurka sun gaji ilimin itatuwa mai zurfi, kuma masana ba su raina shi ba. An gwada ɓawon ɗorawa da 'ya'yan karara da saiwar gwandar daji a ɗakunan bincike, aka ga alamun suna rage ƙarfin dafi a jikin ɓeraye. Amma har yau babu wani tsiro da aka tabbatar yana ceton mutumin da dafi ya riga ya shiga jininsa. Abin da aka tabbatar shi ne allurar kashe dafi, wadda ake samarwa daga jinin dawakin da aka saba musu da dafin.

Abin da ya fi damuna shi ne lokacin da ake ɓatawa. Saran kububuwa yana da yaudara, domin mutum zai yi kwana ɗaya ko biyu yana hira kamar ya warke, alhali jininsa ya daina daskarewa, sai a ga jini na fita daga dasashi ko cikin fitsari. A nan ne tsaga wurin saran ke zama masifa, saboda jinin ba zai tsaya ba. Ɗaure ƙafa tamau da igiya kuwa yakan kashe naman har ta kai ga yanke ta. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sanya saran maciji cikin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, ta ƙiyasta cewa mutum 81,000 zuwa 138,000 ke mutuwa a kowace shekara ta dalilinsa.

Idan abin ya sake faruwa, Allah Ya kiyaye, a cire zobe da duk abin da ya matse gaɓar, a hana ta motsi, a ɗauki mutumin zuwa asibiti nan take. Can za a zuba jininsa a kwalba mai tsabta na minti 20. Idan bai daskare ba, za a yi masa allurar.